Darasi na 9: Famfo da Hanyar Ruwa a Kwamfutar da Ake Sanyayawa da Ruwa

Duk wanda ya taɓa zaman haɗa bidiyon biki a Tandjouaré cikin watan Maris ko Afrilu ya san halin da kwamfuta ke shiga. Rufin kwano ya sha rana tun hantsi, ma'aunin zafi a cikin shago ya kai digiri 38 ko ya haura, fankoki suna ta kuka, aikin da ake gamawa cikin rabin awa da sanyin hunturu sai ya ci awa guda. Ba lalacewa na'urar ta yi ba. Furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, take rage gudu da kanta idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, don kada ta ƙone. A nan ne wasu ke fara tunanin sanyaya ta da ruwa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya sanyaya wasu manyan kwamfutocinsa da ruwa tun shekarun 1960, kuma wajen ƙarshen shekarun 1990 masu sha'awar abin a Turai da Amurka sun riƙa haɗa nasu da famfon tankin kifi da ƙaramin lagireton hitar mota. Mu ma a Togo ba baƙin haɗe-haɗe ba ne: a 2013 Afate Gnikou ya ƙera na'urar buga abubuwa ta 3D daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci a cibiyar WoeLab ta Lome. Sai dai kafin mu shiga aiki, ga shawarata. Idan sana'arku buga takardu ce, ko cike fom a intanet, ko ɗaukar hoton fasfo, ku sayi fanka mai kyau da babban ƙarfen sanyaya, ku riƙa share ƙura, shi ke nan. Wannan darasi na masu ɗora wa na'ura kaya mai nauyi ne awa da awanni: masu haɗa bidiyo, masu zanen gine-gine, da masu gyaran da irin wannan na'ura za ta zo hannunsu wata rana daga Dapaong, Kara ko Sokodé.

Abin da ruwa ke yi da abin da ba ya yi

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai faranti na jan ƙarfe da ake ɗaurewa a kan furosesa, wani kuma a kan katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hoto da bidiyo. A cikinsu akwai siraran hanyoyi da ruwa ke bi yana kwasar zafi. Akwai lagireto da fankokinsa, inda zafin ke fita ya shiga iska. Akwai famfo mai tura ruwan, da ɗan tanki mai ciyar da famfon, da tiyo da mahaɗai masu haɗa su duka su zama zagaye ɗaya rufaffe.

Ku riƙe wannan da kyau, domin duk lissafin darasin a kansa ya tsaya: ruwa ba ya ƙirƙirar sanyi, dakon zafi kawai yake yi. Yana ɗaukar zafi daga wuri ƙanƙane, ya kai shi wuri mai faɗi inda iska za ta karɓa. Saboda haka ruwan ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. A tsarin da aka yi da kyau, ruwa yakan tsaya kimanin digiri 10 sama da iskar ɗaki lokacin aiki mai nauyi. Bature mai bidiyo a YouTube yana zaune a ɗaki mai digiri 22, ruwansa yana 32, yana murna. Ku da ke gefen babbar hanyar Dapaong a watan Afrilu, ɗaki yana 38, ruwanku zai kai 48 da kaya iri ɗaya da nasa. Idan kuma kun yi rowar lagireto har tazarar ta zama digiri 20, ruwan ya kai 58, alhali famfunan da aka fi amfani da su iyakar da masu ƙera su suka sa ita ce 60. Kun ga ke nan shawarar da ta isa a Faransa ba ta isa a yankin Savanes ba. Ko tsakanin Sokodé da nan akwai bambanci, don zafin bazara ya fi tsanani daga Mango zuwa arewa.

Girman lagireto ana auna shi da girman fanka: 120, 240, 360, wato gurbin fanka ɗaya, biyu ko uku masu milimita 120. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce gurbi ɗaya ga kowane wat 100 na zafi. Mu a nan mu ƙara gurbi ɗaya ko biyu a kai. Na'urar da za mu yi misali da ita a duk darasin tana da furosesa mai cin wat 150, katin hoto mai wat 250, da famfo mai kimanin wat 20, wanda shi ma yawancin zafinsa cikin ruwan yake ƙarewa. Jimla wat 420. Ƙa'ida ta ce gurbi huɗu da ɗoriya. Ni zan sa lagireto 360 ɗaya da 240 ɗaya, gurbi biyar, idan akwatin ya ɗauki 360 biyu kuwa ya fi.

Wani zai ce bari ya jefa ƙanƙara a tanki. Kada a yi. Da damina iska tana da laima, tiyon da ya fi ɗaki sanyi zai yi zufa, zufar ta ɗiga a kan babban allo, wato allon da duk sassan kwamfutar ke jone a kansa.

Lissafin lita da digiri

Ga lissafin da zai raba ku da gardama mai yawa. Ruwa lita ɗaya a minti, idan ya ƙaru da digiri ɗaya, ya ɗauki wat kusan 70. Don sanin yawan digirin da ruwa zai ƙaru a zagaye guda, sai a ninka gudun ruwan da 70, a raba wat ɗin da abin da aka samu.

A misalinmu, idan ruwa yana gudu lita 3 a minti: 3 sau 70 ya ba da 210, 420 a raba da 210 ya ba da 2. Wato tsakanin wurin da ruwan ya fi zafi da wurin da ya fi sanyi a duk zagayen, digiri 2 ne kacal. Idan gudun ya faɗi zuwa lita 1.5, tazarar ta zama digiri 4. Idan aka ninka shi zuwa lita 6, ta zama digiri 1.

Abu biyu wannan ya nuna. Na farko, da zarar ruwa ya kai lita 2 zuwa 4 a minti, ƙarin gudu ba ya sayo wani abin kirki. Kuɗin da za a zuba wajen neman lita 6 gara a sa shi a lagireto. Na biyu, tsohuwar gardamar nan ta wa za a fara ba ruwa, furosesa ko katin hoto, ko kuwa dole a sa lagireto a tsakaninsu, gardama ce a kan digiri ɗaya ko biyu. Ɗaga labule ko buɗe taga ya fi wannan tasiri. Akwai kuma masu cewa ruwa ya riƙa tafiya a hankali don ya samu lokacin hucewa a lagireto. Wannan kuskure ne: ruwan da ya daɗe a lagireto ya daɗe kuma a kan furosesa, kuma ruwa mai saurin gudu ya fi kwasar zafi daga jikin ƙarfe.

Zaɓen famfo

A jikin kwalin kowane famfo za ku ga lambobi biyu: lita nawa a awa, da mita nawa yake iya tura ruwa sama. Shahararrun famfuna biyu a wannan fanni, D5 da DDC, asalinsu ƙirar kamfanin Laing ne, kuma kamfanoni da yawa suna sayar da su da nasu sunan. D5 yana kai kimanin lita 1,500 a awa da turi na kusan mita 4. DDC mai ƙarfi yana kai kimanin lita 1,000 da turi na wajen mita 5. Dukansu da wuta mai bolt 12 suke aiki, daga akwatin wutar kwamfutar.

Lambobin nan biyu ba sa haɗuwa a lokaci guda. Lita 1,500 ɗin sai in babu abin da ya tare ruwan. Mita 4 ɗin kuma sai lokacin da ruwan ya tsaya cik. Famfo a bakin aiki yana wani wuri a tsakani, kuma abin da ke yanke wurin shi ne tirjiyar hanya. Faranti mai siraran hanyoyi shi ya fi tirjiya, sai gwiwoyi masu lanƙwasa digiri 90 idan sun yi yawa. Lagireto da miƙaƙƙen tiyo tirjiyarsu kaɗan ce. Shi ya sa famfon da kwali ya ce lita 1,500 za ku same shi yana ba da 200 ko 250 a cikin na'ura, kuma hakan ya isa, don lita 3 a minti lita 180 ce a awa. Idan za ku kwatanta famfo biyu a kasuwa, ku fi duba lambar mita. Ƙananan famfunan tankin kifi masu arha a nan suke faɗuwa: lita da yawa a rubuce, turi mita ɗaya.

Waɗanda suka taɓa ɗaura injin da ke hawar da ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tankin saman gida sukan tambaya ko tsayin akwatin kwamfutar yana cin ƙarfin famfo. A rijiya, e, don ruwan yana hawa ne ba ya dawowa. A zagaye rufaffe da ya cika, ruwan da ke sauka ta ɓangare ɗaya yana janyo wanda ke hawa ta ɗaya ɓangaren, nauyinsu ya biya juna. Tsayi yana aiki ne kawai ranar cikawa, lokacin da iska ke cikin tiyo.

Ga namu yanayin, na fi son D5. Ruwan da ke bi ta cikinsa ne ke sanyaya shi. DDC kuwa allon wutarsa yana ƙasa, yana zafi, yana buƙatar iska ta riƙa bi ta gindinsa ko a sa masa murfin ƙarfe mai haƙarƙari. A ɗaki mai digiri 38 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amfaninsa shi ne ƙanƙanta, idan akwati ya matse.

Sai maganar famfo biyu. A na'ura irin ta misalinmu famfo ɗaya ya isa wajen ƙarfi. Amma akwai dalilin da ya shafe mu musamman: daga nan zuwa Lome kusan kilomita 600 ne, kuma ko a Lome ba kowane shago ke da irin wannan kaya ba, sau da yawa sai an yi oda daga waje. Wanda abincin gidansa ya dogara da na'urar, ranar da famfo ya mutu aiki ya tsaya makonni. Idan za a sa biyu, a jera su ɗaya bayan ɗaya, bakin fitar na farko ya shiga bakin shigar na biyu. Haka turinsu ke haɗuwa, kuma in ɗaya ya tsaya ruwa zai ratsa ta cikinsa ya wuce. Idan aka sa su kafaɗa da kafaɗa, kowanne da reshensa, ranar da ɗaya ya mutu ruwan zai riƙa komawa baya ta cikin mataccen, faranti ya zauna da ƙishi. Wanda bai son ƙarin cin wuta, musamman mai aiki da sola da batir, ya sayi na biyun ya ajiye a kwalinsa. Ko ta yaya, a soka wayar da ke ba da rahoton gudun famfo a gurbin fankar furosesa da ke kan babban allo, a kunna gargaɗi a BIOS, don na'ura ta sanar idan famfo ya tsaya.

Zana hanyar kafin a sayi komai

Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: tanki ya kasance daf kafin famfo, kuma sama da shi, yadda ruwa zai gangaro da nauyinsa ya shiga bakin famfon. Waɗannan famfuna ba sa tsotsar ruwa daga ƙasa, kuma abin da ke juyawa a cikinsu yana zaune ne a kan ɗan ƙwallon tangaran da ruwan kansa ke yi wa aikin mai. Su juya a bushe na ɗan lokaci, ƙwallon ya goge, famfo ya tashi aiki. Shi ya sa tanki da famfo haɗe a jiki ɗaya ya fi sauƙi ga mai koyo.

Bayan wannan, a bi hanya mafi gajarta kuma mafi miƙewa. Ku ɗauki takarda ku zana akwatin ta gefe, ku sa kowane abu a gurbinsa, sannan ku ja layi daga famfo zuwa abin da ya fi kusa, daga nan zuwa na gaba, har layin ya dawo tanki. A yawancin akwatuna abin kan zama haka: famfo a ƙasa ta gaba, zuwa katin hoto, zuwa furosesa, zuwa lagireton sama, zuwa lagireton gaba, zuwa tanki. Idan layuka biyu sun gitta juna, ku sake zanen. Ku duba farantin furosesa, galibi an rubuta bakin shiga da bakin fita, kuma juya su yana rage aikinsa. Daga zanen ne za ku ƙirga mahaɗai: biyu ga kowane abu, duka masu zaren G1/4, kuma girmansu ya dace da tiyon, misali 10/16, wato milimita 10 ciki, 16 waje.

Abu biyu masu koyo ke mantawa, sai ranar wanki su yi da-na-sani. A wuri mafi ƙasa a sa mahaɗi mai baki uku da bawul na zubar da ruwa, da murfi a bakinsa. A wuri mafi sama a bar bakin cikawa. Iska kullum sama take taruwa, don haka famfo kada ya taɓa zama shi ne ƙololuwar zagayen. Wannan ya shafi har ƙananan na'urorin nan da ake sayarwa a haɗe a rufe, masu famfo a kan furosesa: wani sashe na lagireton ya fi famfon tsayi.

Iskar da ta fi sanyi ita ce ta waje, saboda haka lagireto ɗaya aƙalla ya sha daga waje. Amma iskar waje daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce. Ku cire fanka daga lagireton da ya yi wata biyu a shagon bakin titi, za ku ga wani jan bargo ya lulluɓe haƙarƙarinsa, yana ɓantarowa da yatsa. Ku zaɓi lagireto mai haƙarƙari masu tazara, ku sa raga mai ciruwa a gaba, ku ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, kuma fankokin shigar da iska su ɗan fi na fitarwa ƙarfi don ƙura kada ta riƙa shiga ta kowace kafa.

Tiyo, ƙarfe da ruwan zubawa

Tiyo mai tauri yana da kyan gani, amma irin PETG kan yi laushi a bakin mahaɗi idan ruwa ya daɗe da zafi, daga nan sai yoyo. Baƙin tiyon roba na EPDM ya fi mana: yana jure zafi, rana ba ta ratsa shi balle gansakuka ta tsiro, kuma wuƙa ta isa yanka shi.

Kada a haɗa alminiyom da jan ƙarfe a ruwa ɗaya. Idan suka haɗu, alminiyom ɗin ne ke cinyewa a hankali, dattinsa ya toshe faranti, ƙarshe ya huje. Lagireton mota na zamani da masu arha da yawa na kasuwa alminiyom ne. Ku leƙa bakin da tocila: jan ƙarfe ja ne, tagulla rawaya, alminiyom fari kuma marar nauyi.

Ruwan famfon gari, na rijiya da na leda duk suna da gishirin ƙasa da ke daskarewa a siraran hanyoyi. Tataccen ruwa ake so, irin wanda masu batirin mota ke sayarwa don ƙari. Ku karanta jikin robar da kyau, kada a miƙo muku mai asid. A zuba masa maganin hana tsatsa da gansakuka da aka yi don wannan aiki. Ruwa mai launi mai kauri a bar shi.

Cikawa da gwaji

A zare duk wayoyin wuta daga babban allo da katin hoto, famfo kaɗai za a bari a jone. A babban fulogi mai baki 24, a haɗa koriyar waya da kowace baƙa da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe, don akwatin wuta ya tashi ba tare da allo ba. Idan wayoyin duk baƙaƙe ne, kada a yi canke, a nemi fulogin gwaji. A shimfiɗa farar takarda mai shan ruwa ƙarƙashin kowane mahaɗi. A cika tanki, a kunna, ido a kan ruwan: zai sauka da sauri, a kashe kafin ya kai gindi, a ƙara, a sake kunnawa, har ruwa ya fara dawowa tanki. Famfo zai riƙa ƙaras-ƙaras, tanki yana ɓul-ɓul, iska ce ke fita. A karkata akwatin gaba da baya a hankali, murfin tanki a rufe. Idan sautin ya koma siririn gurnani, a bar shi yana aiki awa 12 zuwa 24. In wutar kamfanin lantarki na CEET ta ɗauke a tsakani, a ci gaba da ƙirga daga inda aka tsaya. Ɗigo ɗaya a takarda ya isa a kashe, a zubar, a duba zoben robar mahaɗin. Mahaɗai da hannu ake ɗaure su, ba da filaya ba, don ƙarfin filaya yana tsaga murfin faranti.

Sau ɗaya a shekara a zubar da ruwan a sa sabo. Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne ƙarshen Fabrairu, ƙura ta fara lafawa, bazara ba ta kankama ba. Raga kuwa kowane mako da hunturu.

Aikin gida

1. Wata na'ura tana fitar da wat 560, ruwa yana gudu lita 2 a minti. Digiri nawa ruwan ke ƙaruwa a zagaye guda? Idan gudun ya zama lita 4 fa?
2. Ku auna zafin ɗakin aikinku da ƙarfe uku na rana, ku ƙara 10, sannan ku ƙara 20. Wanne ya kusanci iyakar famfo, kuma gurbin lagireto nawa za ku sa wa na'urar tambaya ta 1?
3. Ku zana akwati mai lagireto biyu, faranti biyu, tanki da famfo. Ku nuna bawul ɗin zubarwa, bakin cikawa da hanyar iska, ku ƙirga mahaɗan, ku zo da zanen aji na gaba.